Ina yini da yunwa amma ƙiba ta ƙi raguwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 27, aurena shekara uku, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, ga gashi na fito min a haɓa, wuyana ya yi baƙi duk dirzar da nake yi. An yi min hoto a asibiti aka ce PCOS ce, in je in rage ƙiba. Nauyina kilo 92. Yanzu ba na karyawa, ba na cin na rana, sai dare in ci tuwo, kuma ina shan shayin rage ƙiba, amma sikeli bai motsa ba. Ina gyaran yake?
Daga wata baiwar Allah, Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ki lafiya da zuri'a ta gari. Ba ke kaɗai ba ce, kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da wannan lalura ta PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da kan hana ƙwai fita a kan kari.

Ga yawancin masu ita, tushen matsalar sinadarin insulin ne, wanda ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Jikinsu ba ya saurin amsa masa, sai ya yi ta ƙaruwa, kamar mai buga ƙofar da aka ƙi buɗewa. Yawansa ke tara kitse a tumbi, kuma shi ke ingiza ma'ajiyar ƙwai ta ƙara sinadarin maza, ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta ɗauke, gashi ya fito. Baƙin wuyan nan ma alamarsa ce, ba dauɗa ba. Ki daina dirza, kada kuma ki shafa masa man bilicin.

Yini da yunwa illa yake miki. Wadda ba ta ci komai ba tun safe, idan ta zauna gaban tuwo da dare malmala biyu ko uku za ta tashi da su, sukari ya hau lokaci guda, ta kwanta a kai. Sannan yunwa tana zaftare tsoka, alhali tsokar ce ke ƙona sukarin. Shayin kuwa ki ajiye shi. Da yawansu ganyen sa zawo ne a ciki, dangin filasko. Ruwa suke fitarwa, kitse na nan daram.

Ba sai kin rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan isa ya daidaita al'ada ga mata da yawa. A wajenki kilo 5 zuwa 9 ke nan, cikin kamar wata shida, rabin kilo a mako ko ƙasa da haka.

Ki fara da abin sha, don a nan sukari ya fi ɓuya. Robar lemo ta santilita 50 na ɗauke da sukari kusan gram 50, cokalin shayi 12 ke nan. Lemon malt, kunun zaƙi, zoɓon sayarwa da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi duk layi ɗaya suke. Zuma ma sukari ce. Ki dafa zoɓonki da citta da kanumfari ba sukari. Idan fura ce, dunƙule ɗaya ƙarami a kindirmo, kuma ta zama ita ce abincin, ba abin kora tuwo ba.

Sai faranti, sau uku a rana. Rabinsa ganye: kwaɗon zogale ko rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yalo. Kwata ɗaya wake, ƙwai, kifi, awara ko nama marar kitse, gwargwadon tafin hannunki. Sauran kwatan ne na tuwo ko shinkafa, daidai dunƙulen hannunki, ba ƙari. Tuwon dawa, gero da acca sun fi farar shinkafa, burodi da taliya, amma kada a ruɗe ki: tuwon alkama ko na acca idan ya yi yawa shi ma sukari yake komawa. Da safe ƙwai biyu dafaffu ko alale sun fi koko mai sukari da fanke riƙe ciki. Mai kuwa a auna shi da cokali, kada a tuttula daga galan; cokalin cin abinci ɗaya, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki).

Motsa jiki minti 150 a mako shi ne mafi ƙaranci, wato tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar. Mai son rage nauyi ta kai 250. Idan fita na da wuya, zagaya tsakar gida minti 10 bayan kowane cin abinci, da tsugunna-tashi kwana biyu a mako. Ki auna ƙugu da tef ɗin tela duk wata, don yakan ragu kafin sikeli ya nuna.

Abu biyu kada ki jira sai ƙiba ta sauka. Na farko, al'adar da ta wuce kwana 90 ba ta zo ba: bangon mahaifa na ƙara kauri, kuma shekaru a haka na ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Ki koma wa likitan mata, bayan gwajin ciki zai ba ki maganin da zai saukar da ita. Na biyu, gwajin sukari, wanda ake shan gulukos (wani nau'in sukari) gram 75 a sake auna jini bayan awa biyu, tare da awon hawan jini.

Idan aka rubuta miki metformin, maganin da ke taimaka wa jiki amsa wa insulin, akan fara da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali. Masu haɗiyarsa da cikin wofi ne suka fi fama da tashin zuciya da gudawa har su watsar. Tunda kina neman haihuwa, ki fara shan folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu ciki da masu neman ciki, tun yanzu, likita ya faɗa miki adadin da ya dace da nauyinki. Ki tambaye shi batun letrozole, maganin da ake fara gwadawa don ƙwai ya fita, kuma maigida ma a yi masa gwajin maniyyi kafin a fara.