Ragon layya a birni, ko kuɗin mota zuwa ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni tela ne a nan Maradi, ina da mata da ƴaƴa huɗu. Mahaifana suna wani ƙauye a yankin Mayahi, kuma tsufa ya kama su. Abin da na tara saboda Sallar layya jika 90 ne, wato sefa dubu 90. In na sayi rago, ba kuɗin mota, ba abin da zan riƙa musu. In na tafi, ina jin kunyar a ce na zo daga birni ba rago. Ga shi shekara biyu ba ma magana da yayana, don ya sayar da san da na ba shi kiwo bai gaya mini ba. Wani aboki ya ce in ci bashi in haɗa duka. Wani ya ce yanka shi ne godiyar Allah, gaisuwa kuwa ko ta waya ta isa. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka tafi gida. Ga dalilina.

Layya a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali. A cikin Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Shaihu Halilu ya sa mata sharaɗi da kalmar "la tujhifu", wato kada ta cutar da mai ita har ya rasa abin biyan larurorinsa na shekara. Biyayya ga iyaye da sadar da zumunci kuwa wajibi ne, kuma ba a zubar da wajibi don a ɗauki sunna. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sun taɓa barin layya don kada mutane su ɗauka farilla ce.

Abokinka da ya ce yanka godiya ce ya yi gaskiya, sai dai bai kai zancen ƙarshe ba. A Suratu Luƙman, aya ta 14, Allah ya ce: "Ka gode mini, da mahaifanka biyu." Ya ɗaura godiyar biyu da igiya ɗaya. A Suratu Saba'i, aya ta 13, ya ce wa iyalan Annabi Dawuda su yi aiki domin godiya, wato godiya ba ta tsaya a baki ba. Keken ɗinkin da kake ci da shi ni'ima ce, lafiyarka ni'ima ce, amma uwa da uba a raye ni'ima ce mai ajali. Ana samun rago a kasuwa kowace shekara. Waya tana isar da murya, na yarda, kuma wanda ke Libiya ko Abijan ba shi da laifi in ya tsaya a kanta. Kai fa tafiyar ƴan sa'o'i ce tsakaninka da su. Waya ba za ta nuna maka cewa idon Baba ya fara hazo ba, ko cewa rumbu ya kai gindi. Tsofaffinmu ba sa faɗa, "lafiya lau" za su yi ta ce maka.

Ka dubi lokacin ma. A waɗannan shekarun layya tana faɗowa a bakin damina, sa'ad da hatsin bara ya ƙare, tiya ta yi tsada, ana duban gabas ana jiran ruwan shuka. Buhun hatsi da ƴan tiyoyin irin wake a wannan lokaci sun fi wa gidan manomi amfani fiye da naman kwana uku.

Kuma wa ya ce sai rago? Malamanmu sun fifita tumaki, sannan awaki, sannan shanu, sannan raƙuma. Akuya ko bunsuru da ya cika shekara ya shiga ta biyu sosai, ba makanta, ba gurguntaka bayyananniya, ba ciwo, ba rama mai tsanani, layya ce cikakkiya. Mu da Allah ya ba jar akuyar Maradi, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje saboda fatarta, bai kamata mu raina ta ranar Salla ba. In kuɗin ya rage bayan mota da hatsi, ka saya a kasuwar ƙauye, ka mallaka wa mahaifinka, ya yanka da sunansa da na iyalin da yake ciyarwa. Ya jira liman ya yanka tukuna in ranar farko ce, kuma yana da dama har faɗuwar rana ta 12 ga Zulhajji, da rana ba da dare ba. Abin da ba a yi a mazhabarmu shi ne ku haɗa kuɗi ku yi tarayya a mallakar dabba ɗaya. In bai rage ba, babu zunubi a kanka ko kaɗan.

Kunyar da kake ji tsohuwar cuta ce. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ayyubal Ansari ya ce sun kasance mutum yana yanka dabba ɗaya wa kansa da mutanen gidansa, daga baya mutane suka mai da abin alfahari. Tun zamanin sahabbai ke nan. Ni ma raina yana ɓaci in na ga magidanci yana zagaya unguwa da ido yana auna ƙahon ragon maƙwabci, alhali Suratul Hajji, aya ta 37, ta ce naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawa ce take isa.

Bashi: malamai sun saɓa a kan mai tabbacin biya, ni kuwa ban ba ka shawararsa ba, don ɗinki yakan yi sanyi bayan Salla. In da ruwa a kai, haramun ne, babu saɓani.

Sai maganar yayanka, wadda ina zaton ita ce ainihin abin da ya tsaya maka a wuya. Ya zalunce ka in abin haka yake, kuma haƙƙinka yana nan, Salla ba ta goge shi. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da dare uku, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ku kun yi shekara biyu. A Buhari kuma ya ce mai sadar da zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sadar. Ka tuna da mahaifiyarku: ta dafa tuwon Salla, ta zuba wa ƴaƴanta biyu a akushi daban-daban don ba sa zama tabarma ɗaya. Wannan ciwon ba ta faɗa wa kowa, kuma kuna da hannu a ciki ku duka.

Ibnu Abi Zaidin, mai littafin fiƙihu na Risala, ya ce sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, kuma bai kamata ya bar magana bayanta ba. To, in an sauko daga idi ka nufe shi, ka miƙa hannu, ka ce "Yaya, barka da Salla", ka tura ƴaƴanka su gaishe shi. Kada ka ta da zancen san da ya sayar a ranar, ko da wani ya tsokano. Bayan kwana biyu ka roƙi Baba ya zaunar da ku tare da liman ko mai gari, ka ji ta bakinsa. Mai yiwuwa yunwa ko rashin lafiyar tsofaffin ce ta sa ya sayar, kunya ta hana shi faɗa. In ya amsa, ku yanka masa lokacin biya bayan kaka, a gaban shaidu, a rubuta. In ka yafe wani abu daga ciki, ladanka yana wurin Allah, amma ba dole ba ne a kanka.

Allah ne mafi sani.