Wane kofi mai murfi ya fi dacewa da zuwa ofis?

'Yar'uwa kin ce kina neman kofi mai murfi da za ki riƙa zuba Nescafe ki tafi da shi ofis da safe, ba irin wanda ake sha a yar ba. To ni dai ki nemi na ƙarfe mai bango biyu irin na fulas, ki duba gindinsa ko kwalin in an rubuta 304 ko 18/8, shi ne ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. A sanyin Jos ɗin nan, balle Disamba da Janairu, na roba kafin ki taso daga Bukuru ki iso Terminus ya huce, mai bango ɗaya kuma hannu zai ƙona miki.

Amma fa murfin shi ne komai wallahi. Na taɓa sayen wani don kyansa, murfin dannawa kawai ake yi, keke ya faɗa rami sai ga shayi cikin jakata har kan takardu, ranar haka na yini ina ƙamshin madara. Ki nemi mai murɗawa mai zoben roba a ciki, kuma tun a shago ki sa mai kaya ya zuba ruwa ki kife shi ki girgiza, in ya ɗiga ki ajiye masa abinsa. Zoben ya zama mai cirewa, don madara na maƙalewa ƙarƙashinsa, kwana biyu sai tsami.

Girma kam mililita 350 ya ishe ki. In kuɗin bai kai ba sai roba, to mai lamba 5 a gindi, ita ke jure ruwan zafi.