Likita Na Amsa: Sikanin Hanta Bayan Dashen Ɓargo

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana mai sikila dashen ɓargo a Indiya. Kusan kullum sai a turo na'urar sikanin a duba cikinsa. Ko wani abu suke ɓoye mini? (Wata uwa daga Kubwa, Abuja)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ba ɓoye-ɓoye ba ne, gadi ne. Magungunan da ake bayarwa kafin dashe, musamman busulfan, na iya ƙona ƙananan hanyoyin jinin hanta har su toshe, galibi cikin kwanaki 21 na farko. Ana kiran wannan VOD.

Idan akwai VOD, sikanin na nuna hanta ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, ko bangon matsarmama ya yi kauri. Idan aka haɗa da Doppler, wato sikanin da ke auna gudun jini, ana ganin jinin da ke shiga hanta ya rage gudu, wani lokaci ma ya juya baya. Wannan juyawar kan zo a makare, shi ya sa ban yarda a jira ta ba. Haka ma ciwon shawara, ba a jiran sa: wasu yaran idonsu ba ya rawaya sam.

Naki aikin shi ne sikeli. Nauyinsa ya tashi kwatsam, ko wando ya matse masa ciki, ko yana kuka in an taɓa ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ki sanar da nas nan take. Akwai magani, defibrotide, kuma ya fi aiki idan an fara da wuri.