Sankarar jini: me ya sa sai an huda ƙashi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maigidana ya rame, cikinsa ya kumbura ta hagu. An auna jini an ce fararen ƙwayoyinsa sun yi yawa, yanzu kuma za a ɗebi ɓargonsa. Jinin da aka ɗiba bai isa ba ne? Sun kuma ba shi takarda wai ya sa hannu a sa shi cikin bincike. Ba gwaji za a yi da shi ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kumburin nan galibi saifa ce. Jinin hannu yana nuna akwai matsala, amma a ɓargo ake haifar jini, can ake gane irin cutar da inda ta kai.

Za a kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar kashe zafi a bayan ƙugu har kan ƙashi, sannan a zura allura mai kauri a zuƙo mililita 1 zuwa 2. Zai ji fizga ta 'yan daƙiƙu, ita ce mafi zafi. Ba a zuƙa da yawa, don jini zai tsinka ɓargon ya ɓata sakamako, kuma nan take ake shafa shi a gilashi kafin ya daskare. Wani lokaci allura kan fito wayam idan ɓargon ya cushe ko ya yi tabo, shi ya sa ake gutsuro ɗan ƙashi kamar santimita 2. Duka bai fi rabin awa ba. Idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ku faɗa tun kafin a fara.

Idan aka tarar CML ce, wato nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali, ƙwayar imatinib, yawanci miligiram 400 kullum, tana riƙe ta shekaru. Inda ake yin tuntuɓe shi ne mutum ya ji sauƙi ya fara tsallake magani, cutar ta dawo ba ta jin sa. Da farko akan maimaita awo duk wata 3.

Batun bincike kuwa, ba mu ga laifinki ba. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Amma imatinib ɗin kanta ta bincike aka samo ta kafin Amurka ta amince da ita a 2001. Kada ya sa hannu sai an karanta masa takardar da Hausa. Ku tambaya: kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince? Idan sabon magani ne, NAFDAC ta ba da izini? Wa zai biya kuɗin awo, kuma wa zai ɗauki nauyi idan maganin ya yi illa? Wani binciken ma samfurin jini kawai ake ajiyewa. Yana da ikon ƙi, ko ya fita a tsakiya, kuma dole a ci gaba da duba shi kamar kowa.