Kafin ka kashe kuɗi a katin girafik, leƙa cikin laftof ɗin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce laftof ɗinka HP ce, Core i5, RAM giga 4, da ita kake gyaran hotunan biki, kuma da zarar ka buɗe hotuna da yawa a Photoshop sai ta ƙame. Ka ce wani ya ba ka shawarar ka sa mata katin girafik, wato sashen da ke sarrafa hotunan da kwamfuta ke nunawa. Riƙe kuɗinka tukuna.

Laftof dai ba a ƙara mata katin girafik. Nata a liƙe yake da allon cikinta, ko kuma yana cikin firosesa ɗin kansa, ba ya cirewa. Akwai wanda ake jonawa daga waje ta kafar Thunderbolt, amma kuɗinsa zai iya fin na laftof ɗin gaba ɗaya. Kwamfutar tebur ce ake yi wa wannan aikin. Kuma ko da ana sawa, ba na jin nan ciwon yake.

Ka buɗe Photoshop da hotunan da suka saba ƙamar da ita, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, ka shiga Performance, ka ci gaba da aikinka kana satar kallonsa. A irin na'urarka, abin da na saba gani a shago shi ne Memory, wato RAM, ta cika maƙil, Disk, wato faifan ajiya, ya kafe a kashi 100, shi kuwa CPU, wato firosesa, yana zaune yana jiran a miƙo masa aiki. In ka ga haka, ka san inda kuɗinka za su tafi.

RAM kamar teburin tela take: in teburin ƙarami ne, dole ya riƙa ninke wani yadin yana kaiwa ɗakin ajiya kafin ya shimfiɗa wani. Photoshop in RAM ta cika, sai ya koma rubuta aikinsa na wucin gadi a kan faifan ajiya, abin da yake kira Scratch Disk. In faifan nan tsohon HDD ne mai juyawa, wanda da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, a nan za ka ga linzami ya koma ɗan zobe yana ta zagaye. Kamfanin Adobe da kansa giga 8 ya sa a matsayin mafi ƙaranci, ya kuma ba da shawarar 16 ko fiye. Kai kana da 4, kuma Windows ta riga ta cinye fiye da rabi tun kafin ka buɗe komai.

Da ni ne, SSD zan fara saya, wato ma'ajiya mai sauri da ake sawa a madadin HDD. SSD na SATA yana kai wajen megabait 500 a daƙiƙa, kuma babu allurar da ke yawo tana neman fayil, don haka tun daga kunna kwamfutar za ka ji ta sake. Kada ka sayi mai giga 128 don arha. Windows da Photoshop da Lightroom za su cinye shi, sai ka wayi gari da saƙon nan na cewa Scratch Disk ya cika. 512 ya fi kwanciyar hankali. Hoton RAW guda, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, daga kyamara mai megafiksel 24 yana cin kusan megabait 25 zuwa 30, ka lissafa na kamu da ɗaurin aure da dina. Tsohon faifan kada ka yar, saya masa ɗan akwati ya zama ma'ajiyar ayyukan da ka gama. Ka kuma sa a buɗe bayan laftof ɗin kafin ka biya, domin akwai SSD mai inci 2.5, akwai siriri na M.2, shi ma M.2 ɗin iri biyu ne, SATA da NVMe, ba kowace na'ura ke karɓar duka ba.

In na hannu za ka saya, ka ce a jona shi a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo. Zai nuna maka lafiyarsa da yawan awannin da ya yi yana aiki. Na sha ganin SSD fes a leda, sai an buɗe a ga ya yi dubban awanni a wata ƙasar. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan gwajin.

Sai RAM, kuma a nan mutane suka fi yin asara. DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba, kada kowa ya danna ta da ƙarfi. Akwai kuma DDR3L mai cin ƙaramar wuta, volt 1.35, wadda wasu laftof ba sa tashi sai da ita. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta gaya maka irin taka, kuma Task Manager yana nuna ramuka nawa ne da nawa aka cike. In ramuka biyu ne, sanda biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi guda ɗaya mai 16, saboda suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma girafik ɗin cikin firosesa daga RAM ɗin yake ɗiba. Wasu siraran laftof kuwa RAM ɗinsu a liƙe take, babu ƙari. Bayan ka sa, ka duba ƙasan tagar hoto a Photoshop, akwai ɗan kibiya, zaɓi Efficiency, ma'aunin da ke nuna ko RAM ta isa. In yana tsaye a kashi 100, aikin duka a RAM yake gudana.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba saboda ba ya kawo wa mai shago ciniki: ƙura. Laftof da ta sha hunturu biyu ko uku a garuruwanmu, in ka buɗe fankarta za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe hanyar iska. Firosesa in ya ji zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Alamarta ita ce ta fara aiki lafiya da safe, zuwa azahar ta koma rarrafe, fanka na ta kuka. A share, a canza man rage zafi da ke kan firosesa, ka daina ɗora ta a kan katifa. Kuma ka yi aiki da caja a jone in akwai wuta, domin a kan batir Windows takan rage mata ƙarfi.

Ban ce katin girafik ba shi da amfani ba. Denoise da Adobe ta ƙara wa Lightroom a 2023, mai share ɗigon hotunan dare, a kansa ya dogara, kuma a tsohuwar laftof hoto ɗaya sai ya ɗauki mintuna. Amma gyaran fuska, daidaita haske, canza bango da haɗa albam, SSD da giga 16 sun ishe su.

Abu ɗaya zai sa in ce kada ka zuba mata kuɗi da yawa: shekarunta. Core i5 suna ne kawai, lambar da ke biye ita ce magana. i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8. Daga zubi na 8 ne irin waɗannan firosesa na laftof suka tashi daga ƙwaya 2 zuwa 4, wato sassan cikinsu da ke raba aikin, shi ya sa i5 na 8 yake kayar da i7-6600U duk da sunansa. Windows 11 ma a ƙa'ida daga na 8 take farawa, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. In taka ta 4 ce ko ta 5, sayi SSD kaɗai, don zai bi ka zuwa wata na'urar, ragowar kuɗin ka fara tari.

Juya laftof ɗin ka ɗauko hoton takardar da ke bayanta, ka haɗa da hoton shafin Performance lokacin da ta ƙame, ka turo. Daga nan zan gaya maka irin RAM da SSD ɗin da za su shige ta. Allah Ya sa albarka a sana'a.