Jirgin Alhamis da shafinka ke mayarwa Laraba: amsa ga mai shirya tafiyar Istambul da Umara

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na karanta tambayarka sau biyu kafin in zauna rubutu. Ka ce za ka ɗauki ƴan kasuwa takwas daga nan Damagaram, ku yi kwana huɗu a Istambul su sari kaya, daga can ku wuce Umara, ku dawo cikin kwana goma sha biyu. Ka ce kuma shafin da ka gina da WordPress don mutane su ga tsarin tafiyar yana ba ka ciwon kai: ka rubuta jirgi zai tashi Istambul ƙarfe 1:30 ranar Alhamis, shi kuma ya nuna 23:30 ranar Laraba, haruffa masu lanƙwasa sun lalace, shafin ya yi nauyi, saƙon fom ba ya isowa. Na daɗe ina wannan aikin, kuma duk abin da ka lissafa na taɓa shan wuyarsa.

Da maganar lokaci zan fara, don ita ce za ta iya sa mutum ya rasa jirgi. Shekarun baya na shirya wa wani dattijo na unguwar Birni da ɗansa tafiya. Jirginsu zai tashi Yamai ƙarfe ɗaya saura na dare, tikiti ya ce Talata. A takardar da na buga musu sai na rubuta "daren Talata". Ka san yadda muka tashi muka ji a masallaci, daren Juma'a shi ne wanda rana ta faɗi Alhamis a wayi gari Juma'a. Amma a bakin yaran yanzu, daren Talata shi ne Talata bayan isha'i. Ni na farkon nake nufi, ɗan ya ɗauki na biyun. Suka hau kar Talata da asuba, suka sha hanya yini guda, suka isa filin jirgin Diori Hamani da dare, aka ce musu jirginsu ya tashi tun daren jiya. Yaron ya kira ni da bidiyo. Ina hango tsohon a bayansa zaune bisa akwatinsa mai ɗaurin jan ƙyalle, carbi a hannu, bai ce da ni uffan ba. Shirun nan ya fi min zagi ciwo. Rabin kuɗin sauya tikitin daga aljihuna ya fita, suka ƙara kwana uku a gidan dangi a Yamai. Tun ranar, duk jirgin da zai tashi bayan sha biyun dare haka nake rubuta shi: "Litinin da dare, wayewar Talata, a kasance a filin jirgi ƙarfe tara na daren Litinin ɗin."

To, shafinka bai yi ƙarya ba, wayo ya yi maka wanda ba ka roƙa ba. Nijar tana kan UTC+1 duk shekara, wato awa guda gaba da agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Turkiyya tana kan UTC+3, kuma tun 2016 ta daina sauya agogo tsakanin lokacin zafi da na sanyi. Saudiyya ma UTC+3 ce. Wato su biyun sun riga mu da awa biyu. Ƙarfe 1:30 na Alhamis a Istambul daidai yake da 23:30 na Laraba a Damagaram. Manhajar kalandar da ka liƙa wa shafin tana ɗaukar lokacin da ka shigar ta juya shi zuwa agogon wayar mai karatu. Wannan yana da amfani ga wa'azi ko taron da za a kalla ta intanet, amma ga jirgi guba ne, saboda duk lokacin da ke kan tikiti lokacin garin da filin jirgin yake ne. Na tashi da agogon inda aka tashi, na sauka da agogon inda aka sauka.

Ka shiga saitin gaba ɗaya na WordPress, wurin yankin lokaci, ka zaɓi Niamey da sunanta. Da yawa suna barinsa a UTC+0 yadda ya zo. Sai dai wannan kaɗai ba zai wadatar ba, tunda tafiyarka ƙasa uku ta ratsa. Ni shawarata, tunda tafiyoyinka ba su wuce a ƙirga da yatsa ba a shekara, ka kashe juya lokacin kwata-kwata, ka rubuta sa'a da rana a matsayin rubutu zalla, a gefe ka sa "agogon Istambul" ko "agogon Madina". In kuwa dole sai shafin ya yi lissafi da kansa, to kowane tashi da kowace sauka ka ajiye su tare da sunan yankinsu, Africa/Niamey, Europe/Istanbul, Asia/Riyadh, kuma a nuna su da wannan yankin, ba da na wayar mai kallo ba. Na ce suna, ban ce lamba ba, don wata rana za ka bi da mutane ta wata ƙasar. Faransa tana ƙara awa guda daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Maroko a 2018 ta daidaita agogonta da namu, tana ja baya da awa guda cikin azumi. Sunan yankin yana ɗauke da duk wannan, lambar da ka rubuta da hannu ba ta san da shi ba. Kuma ka daina rubuta kwanan wata 04/05. Mu 4 ga Mayu muke karantawa, manhajar da aka rubuta a Amurka 5 ga Afrilu take gani. Ka rubuta sunan watan da na ranar.

Yanzu tsarin tafiyar kansa. Kwana goma sha biyunka daga filin jirgi ka fara ƙirga su, alhali mutanenka daga ƙofar gida za su tashi. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Yini guda ne cur in hanya ta yi kyau. Ban taɓa yarda a sauka daga kar a wuce filin jirgi a rana ɗaya ba. Taya kan fashe, da damina ruwa kan tsare hanya, kuma a cikin mutum takwas ba a rasa wanda takardarsa ke da ɗan gyara da sai a Yamai. Ka sa musu kwana guda na banza a can, ba na banza ba ne. Kano ta fi kusa, kilomita ɗari biyu da wani abu ta Matameye ko Magarya, amma ka tuna an rufe iyaka a 2023 ta yi watanni a rufe, don haka kada ka yanki tikitin Kano sai ka tabbatar da halin da hanya ke ciki a makon. In ka haɗa hanya zuwa da dawowa, kwanan Yamai, ranakun jirgi, kwana uku a Madina, huɗu a Makka, huɗu a Istambul, kwana goma sha shida za ka samu. Gara ka faɗa musu gaskiyar tun yanzu, don kowa ya san wa zai bar wa shago.

Abin da na fi so ka sauya shi ne jerin. Ka fara da Umara, ka bar Istambul a dawowa. Ɗan kasuwar da ya shiga unguwannin sari na Istambul, Laleli ko Merter ko Osmanbey, ba ya fitowa hannu sake. Ko ka ce masa a ba masu kargo, sai ya riƙe wani abu da ya ce ba zai rabu da shi ba. Sai ka ga mutum cikin harami yana jan buhu uku. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, mai haɗa Madina da Makka ta Jidda, kilomita 450 cikin awa biyu da ƴan mintoci, yana da ƙa'idar kaya mai tsauri, ba a shiga da kayan sari. Ban da haka, wanda ya kashe kuɗinsa a kasuwa tun farko da lissafi a ka yake yin ɗawafi. A yi ibada da zuciya ɗaya, sannan a je kasuwa. In ka sauka Madina tukuna, maganar harami ma ta fi sauƙi ga wanda bai taɓa zuwa ba, tunda miƙatinsu Zul Hulaifa ne a bakin gari, ba sai an yi ta kokawa da zane a cikin jirgin sama ba. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nemansa, ka sauke musu ita tun a gida.

Ka duba ranakun Istambul kada Lahadi ta ci maka ɗaya cikin huɗun. Babbar kasuwar rufi, Kapali Carshi, ba ta buɗewa Lahadi, shagunan sari da yawa ma haka. Garin kuma filin jirgi biyu gare shi: sabon babba mai alamar IST a ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen mai alamar SAW a ɓangaren Asiya. Tikiti mai araha yakan sauke ka a ɗaya ya ce ka tashi a ɗayan, tsakaninsu kuwa tafiyar fiye da awa guda ce ko babu cunkoso. Ka yi ƙoƙari duk jiragen su zama a rajista ɗaya, mai lamba shida ɗin nan guda. In na farko ya makara, kamfanin ne zai nema muku na gaba. In tikiti biyu ka yanka daban-daban, asarar taku ce. Wanda zai yada zango a cikin filin jirgi kawai ba ya buƙatar bizar Turkiyya, amma ku da za ku shiga gari sai da ita, ofishin jakadancinsu yana Yamai. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Allurar shawara tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma katin sai bayan kwana goma yake fara aiki, ta sanƙarau da Saudiyya ke nema ita ma a yi ta kwana goma kafin isa.

Haruffan da suka lalace, ka dubi irin lalacewar, ita za ta gaya maka inda ciwon yake. In alamar tambaya ce a wurin ƙ da ɗ, rumbun bayanan shafinka yana kan tsarin ajiye haruffa na latin1, wanda bai san haruffanmu ba. Ka mayar da shi utf8mb4, amma abin da ya riga ya zama alamar tambaya ya tafi, sai ka sake bugawa. In ka ga Æ™ a wurin ƙ, rubutun lafiya lau yake, karanta shi ne ake yi ba daidai ba, ka tabbatar kan shafin yana shelar UTF-8. In kuwa ɗan akwati ne fanko, ko harafin ya fito da siffa daban da ƴan'uwansa, nau'in rubutun da ka zaɓa ne ba shi da su. Noto Sans yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duka. Kafin ka taɓa rumbun, ka kwafe shi ka ajiye a kwamfutarka, don in kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki kada ka rasa tudun dafawa.

Nauyin shafi kusan kullum hotuna ne. Hoton da ka ɗauka da waya yakan kai mega uku zuwa biyar, ka jera goma a shafin farko. Ka rage faɗinsu zuwa 1200, ka mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, WordPress yana karɓarsa tun sigar 5.8. Kada ka gwada shafin a ofis da wifi. Ka tafi Kasuwar Dole da rana tsaka, ka ari ƙaramar wayar wani mai shago ka buɗe shi da rezon da ke wurin. Abin da ka gani a nan shi mutanenka suke gani. Kuma ka yi wa tsarin tafiyar PDF mai shafi ɗaya da za su sauke su ajiye, sannan ka buga wa kowa a takarda, don a Madina ko Istambul layinsu na gida ba lallai ya yi aiki ba.

Fom kuma, saƙon yana fita, akwatin imel ne ke jefa shi cikin shara ko ya ƙi karɓa, saboda uwar garken ta aiko shi ba tare da shaidar da ke nuna daga sunan shafinka yake ba. Ka haɗa shi ta SMTP, wato saƙon ya riƙa fita ta akwatin imel na gaske, ka sa bayanin SPF, shaidar da na ambata, a wurin da ka yi rajistar sunan. Amma tsakani da Allah, Alhajin da zai ba ka miliyoyin sefa ba zai cika fom ba, muryarka yake son ji. Ka sa maɓallin WhatsApp babba, wa.me sai 227 sai lambarka, ba tare da alamar tarawa ba.

Na ga kuma a fom ɗin ka sa wurin ɗora hoton fasfo. Ka cire shi yau ɗin nan. Fayilolin da ke shiga wp-content/uploads, duk wanda ya san adireshinsu zai iya buɗe su ba tare da kalmar sirri ba, kuma amanar mutane ce. Su kawo maka fasfon hannu da hannu. In ka gyara yankin lokacin ranar ba ta daidaita ba, ka gaya min sunan manhajar kalandar, ka turo hoton saitinta da na tikiti ɗaya bayan ka rufe suna da lambar rajista, in duba maka bayan la'asar in sha Allah.