Malejin Akori-Kura: Lambar Da Ke Kan Agogo Ba Ita Ce Shaida Ba

Wasiƙun wannan makon duk sun karkata kan mota, kuma na karɓe su, domin agogon motar zamani ƙaramar kwamfuta ce.

Tambaya: Na sayi Toyota Tacoma da aka shigo da ita daga Amurka. Na je Kaduna daga Kano, malejin ya ƙaru da 143 kacal, alhali tafiyar ta kai kilomita 230. Agogon ya lalace ne? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, agogonka lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka duba "mi" ɗin da ke gefen lambar ba. Amurkawa da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Ninka ka gani. Idan ranar da ka saye ta ta nuna 150,000, to ta haura kilomita 240,000.

Tambaya: Na sayi Hilux ƙirar 2012 a hannun dillali, agogo na nuna 68,000. Amma robar birki ta cinye, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa. Wani mai rewaya ya ce in kawo ya saka min lambar da ta dace. In kai masa? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Alhaji, wannan wasiƙar ta taɓa abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Hilux motar aiki ce, ta gona da kamfani da hanyar daji. A ce ta shafe fiye da shekara goma ba ta yin ko kilomita 7,000 a shekara? Sai dai in a falo aka ajiye ta ana kallo. Ƙafar direba ba ta cinye robar birki a 68,000.

A da, mai son rage maleji sai ya kwance agogo ya juya lambobin da hannu, kuma sau da yawa sai ka gan su a karkace, asiri ya tonu. Yanzu lambar tana zaune ne a cikin wani ɗan ƙaramin guntun ma'ajiya da ake kira EEPROM a bayan agogon. Mai laftof da ɗan matsi zai karanta ta, ya goge, ya rubuta wadda ya ga dama cikin 'yan mintoci, babu ko tabo a fuskar agogon. Akwai kuma hanyar da ba lallai mugunta ba ce: agogon asali ya mutu, an sayo na wata motar a wurin 'yan gwangwan an saka. A motoci da yawa lambar tana bin agogon, don haka kana kallon tarihin wata motar ce daban.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mutane na ɗauka kuɗi kawai aka cuce su. Yawancin jadawalin gyaran mota a kan wannan lambar yake. A wasu Hilux masu dizal, fitilar T-BELT tana kamawa ne a kilomita 150,000 don ta tuna maka ka canza bel ɗin taimin. Idan an mayar da agogon baya, fitilar ba za ta kama a kan lokaci ba, bel ya tsinke kana tsakiyar hanyar Funtuwa da iyali a ciki, inji ya tafi. Wannan algus ne tsagwaronsa, kuma mun san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Kada ka kai wa mai rewayar nan. Daga ina zai san lambar da ta dace? Ƙiyasi zai yi, ka musanya ƙarya da wata ƙaryar. Nemi bakanike mai na'urar bincike ta ƙwarai, ya jona ta a ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, domin wasu motocin suna ajiye adadin tafiya a kwamfutar inji ko ta birki, kuma masu rage maleji sukan manta da su. 'Yar ƙaramar na'urar bincike ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana karanta lambar matsala, amma yawanci ba ta kai nan ba. Duba ƙusoshin agogon ko an taɓa kwance su, ka nemi takardar juyen baƙin mai da akan liƙa a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Carfax, shafin tarihin motocin Amurka da ake dubawa da VIN, wato lambar shaidar mota mai haruffa da lambobi 17, ba zai taimake ka ba, don ba a sayar da Hilux a Amurka. Mai Tacoma na sama ne zai amfana da shi. Yanzu dai ka ɗauke ta a matsayin tsohuwar mota, ka canza bel in tana da shi, da man giya da ruwan birki. Kuma kamar yadda nake nanatawa kullum, duk ranar juyen mai ka ɗauki hoton agogon da wayarka, Google Photos zai riƙe maka kwanan wata.

Tambaya: Tun da na saka manyan tayoyi, agogo da Google Maps ba sa jituwa. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Agogo juyin taya yake ƙirgawa, bai san ka yi gayu ba. Misali, daga girman 265/65 R17 zuwa 265/70 R17 taya ta ƙaru da kusan kashi 3.4 cikin ɗari, don haka a kilomita 100 zai nuna maka kusan 97. Ko ka koma girman asali, ko a saita maka kwamfutar.

Tambaya: Allurar gudu tana faɗuwa ƙasa, malejin ma ya daina motsi. (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Sensar gudu ce ko wayarta. A jona na'ura. Idan ta nuna P0500, lambar matsalar sensar gudu, a fara goge fulogin kafin ka sayi sabuwa.